Daga WoW zuwa FFXIV zuwa Albion: wai yawon canza wasa yana da magani kuwa?

Sadauki_KN
Assalamu alaikum 'yan gida. Zan ɗan ja zance, a yi min haƙuri.

Ni da World of Warcraft (WoW), wasan intanet da dubban mutane ke bugawa tare a duniya ɗaya, na buɗe ido, wajen ƙarshen zubin Legion (zubi shi ne sabon kashin da ake ƙara wa wasa). Ina ciki har zubin Shadowlands ya fito a ƙarshen 2020, daga nan jikina ya fara sanyi. Ba faɗan ne ya daina daɗi ba, har gobe ban ga wasan da maɓalli ke amsa yatsa irin WoW ba. Lissafin mako ne ya gundure ni. Kowace Laraba a share allo, ka tashi da bashin abubuwan da sai ka yi kafin wata Larabar. Ka yi sake na mako biyu 'yan ƙungiyarku sun yi maka nisa a kayan yaƙi, kai da kanka za ka ji nauyin cewa a tafi da kai.

Da jama'a suka yi ta kwarara Final Fantasy XIV (FFXIV) a tsakiyar 2021 na bi ayari. Labarin ya kama ni, na bi shi tiryan-tiryan har ƙarshen zubin Endwalker. Ranar da na gama kuwa na tsaya a tsakiyar birnin Limsa Lominsa na cikin wasan na rasa abin yi. A tsakani na leƙa New World, na taɓa Guild Wars 2, yanzu ga ni a Albion Online a waya, shi ma na fara hamma.

Ku da kuka zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, me ya riƙe ku? Ku kuma masu ƙafar yawo irina, me muke nema ne?

Baffa_Tsohon_Hannu
Wa alaikumus salam. Ɗana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ni tun zubin Wrath of the Lich King nake WoW, 2008 ke nan, ina karatu a Ingila lokacin. Ina ciki aka ce masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 12 a 2010, ina ciki suka yi ta zubewa. An yi zubin da ya yi daɗi, an yi wanda bai yi ba, ban motsa ba. Ba Azeroth, duniyar wasan, ce ta riƙe ni ba, mutane ne. A ƙungiyarmu akwai wani dattijo ɗan Holan mai gyaran famfo, akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba ta shiga sai ta sauka daga aikin dare. 'Ya'yansu na san sunayensu. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, farmakin makon, wato taruwar da muke yi mu kashe manyan dodanni, gaba ɗaya suka ɗage ba tare da na roƙa ba.

Bari in tambaye ka. A wasanni biyar ɗin da ka lissafa, in ka ɓace wata guda, wa zai neme ka?

Sadauki_KN
Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Amma Baffa ku kun samu zamani ne. Kun shiga lokacin da sai ka tsaya a gari ka yi ta cigiyar mai tare duka da mai magani kafin ka shiga danjin, wato kogon dodanni da ake shiga a tawaga, dole ka san mutane. Tun da aka kawo maɓallin haɗa tawaga a ƙarshen 2009, dannawa kake yi a jefa ka cikin baƙi huɗu, ku gama ba wanda ya ce wa wani sannu. Mu abin da muka tarar ke nan.

Baffa_Tsohon_Hannu
Maɓallin bai ɗaure bakin kowa ba.

Zee_Mai_Magani
Baffa ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ni a FFXIV nake, mai magani ce, kuma na karɓi baƙin WoW da yawa a 2021, lokacin da layin shiga ya yi tsawon da a Disamba kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci. Abin da na gani shi ne, mai canza wasa da halin tsohon gidansa yake zuwa.

Ɗan WoW daga tafiyarsa za ka gane shi. Yatsunsa sun saba da bugu duk daƙiƙa ɗaya da rabi, a nan kuma daƙiƙa biyu da rabi ne, sai ka ga yana ta dukan kibod yana cewa wasan ya mutu. Bai san cewa a manyan matakai akwai dabarun da ake cusawa a tsakanin bugu biyu ba, har hannu ya rasa hutu. Sannan yana tsallake labari. To a FFXIV labarin shi ne ƙashin bayan komai, ba za a buɗe maka danjin ko sabon yanki ba sai ka bi shi. Wanda ya zo da niyyar ya ruga mataki na ƙarshe don a can ne wasa yake farawa, zai sha wahala, saboda a nan tun daga farko aka fara.

Na uku, lissafin wa ya fi wa duka. A WoW kowa da ma'auninsa a gefen allo. A nan kamfani bai yarda da irin waɗannan manhajojin ba, in ka goranta wa wani da lambobinsa aka kai ƙararka, kai ne a ruwa. Sabon shiga ma ɗan tsiro ake manna masa a gefen suna don a san baƙo ne a lallaɓa shi. Na sha ganin mutum bakwai sun tsaya cak a bakin ƙofar dodo suna jiran ɗan tsiro ɗaya ya gama kallon labarinsa.

Yaya Sadauki, kai da ka ce ka gama ka rasa abin yi, aiki nawa ka ɗaga? Mutum ɗaya a nan yana iya zama komai, makami kawai zai canza. Ka taɓa saƙa ko girki ko kamun kifi? Ka shiga farmaki mai tsanani da ake kira Savage?

Sadauki_KN
Savage na gwada. Sai ka haddace rawar dodo taku bayan taku, mutum ɗaya ya kauce takwas su faɗi. Da sabis irin namu alamar ta riga ta fashe kafin in ga ta fito.

Ɗan_Maraɗi
Yauwa! Sai yanzu aka zo wurin. Ku kuna ta zancen mutane da labari, mu nan kuran (wutar lantarki) da rezo (layin intanet) su ke zaɓa muna wasa, ba mu ba.

Ni WoW Classic na yi, irin mai tsanani da aka buɗe a Agustan 2023, wanda in ka mutu ka mutu ke nan, ko yankewar layi ce ta jawo ba a maido maka. An faɗi haka tun farko, kowa ya sani ya shiga. Na kai maharbina mataki na arba'in da wani abu, ina tsakiyar dajin Stranglethorn damisa biyu na bina, kuran ya tafi. Kafin in kunna na waya in dawo, gawa na iske. Wallahi shiru na yi cikin duhu, har mai ɗakina ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Tun ranar, kowane wasa aka ce in zo, tambaya ɗaya nika yi: in layi ya yanke minti biyu, mi zan rasa? In amsar ita ce komi, to a kai kasuwa.

Zee_Mai_Magani
Ayya, sannu. A wajenmu in ka yanke a danjin jiranka za a yi ka dawo. Danjin ɗin labari ma yanzu kana iya shiga da mutanen kwamfuta, ba mai zaginka.

Baffa_Tsohon_Hannu
Wannan kam dole in sallama. A Mythic+, wato danjin WoW mai tsanani da ake buɗewa da mabuɗi, agogo ke bugawa, in ka yanke ka ɓata wa mai mabuɗi mabuɗinsa, mataki ɗaya zai sauka. Sai da na haɗa inbata da batir na daina shan kunya. Ba kowa zai iya ba, na sani.

Falke
Ni duk ban yarda da ku ba, har kai Ɗan Maraɗi. Wasan da ba za ka rasa komai ba shi ne wasan da zai gundure ka. Sadauki, ina rantsuwa a yankin shuɗi da rawaya na Albion, inda ba a kwashe kayan mutum, kake ta saran itace, shi ya sa kake hamma.

Albion ba wasan aike ba ne. Kusan duk takobi da rigar da ka gani a kasuwa wani ɗan wasa ne ya ƙera. Kowane gari da kasuwarsa, abin da ke Lymhurst ba ya bayyana a Bridgewatch sai wani ya ɗauko shi da ƙafarsa. Kowane gari kuma da sana'ar da ta fi riba a cikinsa: Martlock jima, Thetford narka ƙarfe, Lymhurst saƙa, Fort Sterling katako, Bridgewatch dutse. To ka sayi kaya inda suke da araha, ka ɗora wa takarkari, ka nufi Caerleon inda Baƙar Kasuwa take, wadda wasan da kansa ke sayen kaya a cikinta. Hanyar kuwa ta jan yanki ta bi, inda duk wanda ya kashe ka zai kwashe abin da ke jikinka da na kan dabbarka, har takalmi. Fatauci ne sak irin na kakanninmu masu zuwa Gwanja sayen goro: a haɗa ayari, a sa madugu, a tura ɗan leƙen hanya gaba a kan doki mai sauri.

Ranar da ka ɗauko jarinka kaf a kan sa mai tafiyar hawainiya, ka ga adadin 'yan fashi a kusurwar taswira ya tashi daga biyu zuwa tara, tafin hannunka ya jiƙe har wayar na zamewa, ka hango ƙofar gari, ranar za ka san ko wasan ya gundure ka.

Ɗan_Maraɗi
In rezo ya tafi a daidai nan fa, madugu?

Falke
Mutuminka zai tsaya a fili na ɗan lokaci, su kuma su yi walima. Shi ya sa ba a fita da abin da ba za a iya asararsa ba. Ni kashi uku nake raba jari. Kuma tun da aka buɗe sabar Turai a Amsterdam a Afrilun 2024 abin ya yi sauƙi, da can a ta Washington nake. Jinkirin layina ya sauko daga sama da milisakan 200 zuwa wajen 130.

Sadauki_KN
Ka kama ni, ban taɓa wuce rawaya da kaya masu nauyi ba. Amma Falke ka ga inda ka jefa ni? Ina sabar Amurka, kuma ba a ɗaukar mutum daga wannan saba zuwa waccan. Komawa Turai ma wani canza wasan ne, daga sifili.

Auta_07
Yayyena a taimaka wa ƙaninku. Ni ban taɓa yin ko ɗaya ba, PUBG da ƙwallo kawai na sani. Ba ni da laftof, wayata ma ba babba ba ce, data kuma ta sati nake saye. Wanne zan fara?

Zee_Mai_Magani
Auta, cire WoW da FFXIV a lissafi tukuna. Kowannensu yana neman wuri sama da giga 100 a kwamfuta. Ranar da ka samu laftof ka zo, FFXIV yana da gwajin kyauta marar wa'adi, a 2023 aka faɗaɗa shi har zubin Stormblood. Sai dai ba kasuwa, ba shiga ƙungiya.

Gwani_99
Ƙanena zo nan, Old School RuneScape. Gaisuwa daga Zangon Kumasi.

Zanen wasan zai ba ka dariya, don ainihin na 2007 ne aka farfaɗo da shi a 2013, aka kawo shi waya a 2018. Amma ba ya cin data, kuma duniyarsa duk bayan daƙiƙa 0.6 take motsawa, saboda haka ɗan jinkirin layi ba ya kashe ka a yawancin abubuwa. Ina kamun kifi ina jiran kwastoma a shago.

Sadauki kuma, ga amsar tambayarka ta wajena. Na yi WoW shekara biyu. Abin da ya kore ni shi ne duk sabon zubi sai kayan da ka sha wuya a kansu su zama tarkace, ƙaramin dodon sabon yanki ya yar da abin da ya fi su. A RuneScape abin da ka tara naka ne. Mataki na 99 a sana'a ɗaya maki 13,034,431 yake ci, in ka kai 92 ma rabin hanya ka yi. Da wuya, amma in ka tafi shekara uku ka dawo, 99 ɗinka na nan 99. Na bar shi na dawo ya fi a ƙirga, ban taɓa jin an bar ni a baya ba. Sabon abu ma ba a sawa sai an yi ƙuri'a kashi 70 cikin ɗari sun yarda.

Baffa_Tsohon_Hannu
Danna itace ɗaya sau dubu ɗari shi ne wasa? Allah ya ba da lada.

Gwani_99
Baffa ku da kuke kashe dodo ɗaya kowace Laraba tun ina firamare?

Hamza_Tyria
Guild Wars 2 ma haka yake, ba wanda ya kula shi a zancen nan. Tun 2012 matakin ƙarshe 80 ne, ba a taɓa ɗaga shi ba, kuma ba kuɗin wata. Ka sayi zubi sau ɗaya shi ke nan. Ni shi ne gidan da nake komawa in na gaji da sauran.

Sadauki_KN
Hamza na yarda da dabbobin hawansa, babu kamarsu. Amma rashin abin da zai tura ni shi ya sa na daina shiga. WoW ya matsa min na gudu, wannan bai matsa min ba na manta da shi.

Zee_Mai_Magani
To kai Yaya me kake so ne fisabilillahi? Naoki Yoshida da kansa, wanda ya tashi FFXIV daga kabari a 2013 bayan na 2010 ya faɗi warwas, ya sha faɗa cewa in ka gaji ka huta, ka buga wani wasan, ka dawo in an yi sabon abu. Ba laifi ba ne.

Gwani_99
Anti Zee faɗa musu sauran. In kana da gida a wasan ka yi kwana 45 ba ka taka cikinsa ba, rushe shi ake yi. Ka huta, amma ka ci gaba da biya.

Zee_Mai_Magani
Filaye ne ba su isa kowa ba, har ƙuri'a ake yi a kansu. Amma e, wannan ya ci ni, saboda ɗan lambuna na Lavender Beds nake biyan wasu watannin.

Abu_Hanif
Ni abin da ya raba ni da ƙungiyoyin Turai daban ne, kuma ban ga an taɓo shi ba. Yawancinsu ƙarfe takwas na dare agogonsu suke fara farmaki. Da sanyi agogonmu ɗaya, takwas ɗinsu takwas ɗinmu, lokacin an idar da Isha, lafiya lau. Daga ƙarshen Maris suka tura agogonsu gaba, takwas ɗinsu ta zama bakwai ɗinmu, ana tsakiyar Magariba, Isha kuma ta same ka a gaban dodo. Wasan intanet ba a tsayar da shi. Sau ɗaya, sau biyu za su jira ka, na uku za a nemi wani. Azumi kuwa ba a magana, ga buɗa baki ga tarawihi.

Shi ya sa na koma wasannin da ni ke da iko da lokacina. Sannan ina jan hankalin ƙannenmu a kan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗin gaske ba ka san abin da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018. Kowa ya tambayi malaminsa.

Baffa_Tsohon_Hannu
Malam, ni faɗa musu na yi ƙarara tun farko. Hutun minti goma na tsakiya aka matsar ya dace da sallata. Sai ka zauna da mutane har su san ka kafin su yi maka haka. Mai zuwa yau ya tafi gobe ba zai samu ba.

Falke
Maganar kuɗi kuma, tunda Malam ya taɓo. Lokacin da katin nairata ya daina biyan kuɗin waje, da yawa a nan suka bar wasannin dala goma sha biyar a wata ba don sun gaji ba. A Albion da azurfar cikin wasa nake sayen firimiya, wato rajistar wata. RuneScape yana da bond mai ba da kwana 14, WoW yana da token tun 2015 mai ba da kwana 30 da zinaren wasa. Sai dai in ba ka yi hankali ba za ka wayi gari kana noma wata guda don ka biya kuɗin noman wata mai zuwa.

Ɗan_Maraɗi
Ku dai ku tuna wasan ba naku ba ne. Ina New World? Mutum sama da 900,000 a lokaci guda a Steam satin da ya fito a 2021. A Oktoban 2025 aka ce an daina yi mishi sabon abu. WildStar an rufe shi a 2018. Gwani, 99 ɗinka ma a kwamfutar wasu yake kwana.

Gwani_99
RuneScape tun 2001 ake cewa zai mutu.

Sadauki_KN
Na karanta duka, na gode. Baffa, tambayarka ta tsaya min, don gaskiya amsarta babu kowa. Amma ban yarda cewa yawon ne ya jawo ba. Ko a WoW da na daɗe, da baƙi nake wasa, masu agogo daban da wuta daban, kullum ni ne mai ba da haƙuri. Mu nan mun kai mutum nawa a gidan nan? Kowa yana can wata duniya shi kaɗai yana yi wa Turawa bayanin me ya sa ya ɓace. Me zai hana mu taru a wuri ɗaya, inda in Ɗan Maraɗi ya yanke ba sai ya yi bayani ba?

Auta_07
In a waya ne ina ciki!

Hamza_Tyria
Za a fara rigimar wane wasa ke nan.

Falke
Babu rigima. Wanda kowa zai iya shiga kyauta, a waya ko a kwamfuta, kuma a yi abu tare tun daren farko, Albion ne. Sabar Turai, kowa ya fara sabo, har ni zan buɗe sabon mutum don a yi adalci.

Gwani_99
RuneScape ma kyauta ne a waya. Amma na ji, zan zo in ga yadda za a yi muku tsirara a hanya.

Zee_Mai_Magani
Zan leƙo, da sharaɗi: ba zan riƙe sandar magani ba. Na gaji da a mutu a ce ni ce.

Abu_Hanif
In bayan Isha ne, kuma ba daren Juma'a ba.

Baffa_Tsohon_Hannu
Laraba da Lahadi ina da farmaki, ba na taɓa su. Asabar zan sa yaron nan ya saka min a waya in gani, ban yi alkawari ba.

Ɗan_Maraɗi
Ni dai kar a ba ni ajiyar komi.

Falke
Asabar tara na dare, a haɗu a bakin bankin Martlock. Kowa ya gama koyon farko kafin nan, kar wanda ya sa kayan da suka wuce mataki na huɗu. Auta, ka cika wayarka da caji, kai za ka hau takarkarin.

Auta_07
Yaya me ya sa ni?